Wasiƙa daga Houston: labarin mai lamba 50

Houston, Amurka

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da Hajiya. Saƙonka ya iso, har da hoton autanka sanye da hular da na aiko. Na ga ta yi masa yawa, amma ka bar masa kayarsa, kan yaro girma yake yi.

Ka tambaye ni harafin H da tauraron da ke gaban hular ko tambarin wani kamfani ne. A'a, na ƙungiyar wasan besbol ta garin nan ne, Astros sunanta. Da a layi biyu zan amsa maka ta waya, sai maganar da ka saƙala a ƙarshen saƙon, ta yaron shagonka, ta sa na ga gara in zauna in rubuto da tsawo. Ka yi haƙuri da ni, za ka ga inda zancen ya dosa.

Wasan nan, in ka cire hayaniyar 'yan kallo, karawa ce tsakanin mutum biyu. Ɗaya yana tsaye kan wani ɗan tudu a tsakiyar fili, riƙe da ƙwallo mai tauri wadda ba ta fi lemun zaƙi girma ba. Ɗayan yana fuskantarsa da sanda, tsakaninsu mita 18 da 'yan kai. A bayan mai sanda akwai wani a tsugune yana cafewa, shi ne kuma yake yi wa mai jifa alama da yatsu, ya faɗa masa irin jifan da zai sako. In mai jifa ya aiko ƙwallo uku ta inda doka ta ce, mai sanda ya kasa dukansu, to an kore shi, sai na gaba ya shigo. In kuwa mai jifa ya kauce sau huɗu, sai a bar mai sanda ya wuce zangon farko a banza. Zango huɗu ne, wanda ya kewaye su ya dawo gida ya ci maki ɗaya. Sauran dokokin ba su da amfani gare ka yau.

Abin da nake so ka riƙe shi ne nauyin da ke kan hannun mai jifa. A wasa ɗaya yakan yi jifa ɗari ko fiye, kowanne da iyakar ƙarfinsa. Ƙungiya tana buga wasa 162 a shekara, shi kuma yana hawa tudun nan duk bayan kwana huɗu ko biyar, daga Afrilu har ƙarshen Satumba. Hannun nan shi ne jarinsa, shi ne gonarsa. Ranar da ya tsaya, komai ya tsaya.

To, a ƙungiyar da ɗanka yake yawo da hularta an yi wani mai jifa, James Rodney Richard, kowa J.R. yake ce masa. Na fara jin labarinsa a bakin wani dattijo baƙar fata da muke aiki tare, wanda ya kalle shi da idonsa yana saurayi. Har yau in ya ɗauko zancen sai ransa ya ɓaci, kamar jiya abin ya faru.

An haifi J.R. a 1950 a wani ƙauye mai suna Vienna a jihar Louisiana, maƙwabciyarmu ta gabas. Ƙato ne na gaske, tsawonsa ƙafa 6 da inci 8, wato ya ɗara mita biyu. Akwai wani sanannen hotonsa da ya riƙe ƙwallo takwas a tafin hannu ɗaya. Tun yana sakandare jami'o'i suka yi ta zawarcinsa don ƙwallon kwando, amma ya zaɓi jifa. A 1969, da ƙungiyoyi suka zauna rabon matasan 'yan wasa na faɗin ƙasar, shi ne na biyu da aka ɗauka. Astros ce ta ɗauke shi.

Ranar 5 ga Satumba 1971 ya fara wasa a babban rukuni, wato matakin ƙoli na besbol a ƙasar, yana ɗan shekara 21, a karawa da ƙungiyar San Francisco Giants. Ya kori mutum 15 a wannan wasa ɗaya. A cikinsu har da Willie Mays, wanda mutanen nan suke sa shi a sahun gwanayen da aka taɓa yi, kuma sau uku yaron ya kore shi. Babu wanda ya taɓa wuce wannan adadi a wasansa na farko, mutum ɗaya ne kawai ya kai shi kafin nan.

Amma ƙarfi daban, saiti daban. Shekaru uku da suka biyo baya ya yi su ne ana kai shi ƙananan rukuni ana dawo da shi, don ƙwallon ba ta zuwa inda ya aike ta. Ko bayan ya zauna daram a 1975, ya sha zama na ɗaya a rukuninsu wajen ba mutane hanya a banza. Sai dai wannan rashin saitin ma makami ne. Ka ƙaddara kana tsaye da sanda, ƙato irin wannan ya miƙo dogon hannunsa har kana ganin kamar zai taɓa ka, ya sako abu mai tauri da gudun kilomita 160 a awa, kuma shi kansa ba shi da tabbacin inda zai faɗa. Wa zai tsaya da ƙafa biyu? Ga shi kuma yana da wani jifan da yake zuwa kamar zai miƙe, sai dab da kai ya zame gefe, shi ma da gudun da ya fi miƙaƙƙen jifan wasu. Manyan masu sanda na zamanin, irin su Johnny Bench da Dale Murphy da Dusty Baker, duk sun faɗa daga baya cewa yana cikin waɗanda suka fi ba su wuya, in ma ba shi ne kan gaba ba.

Daga 1976 ya zama dodo. A shekarar ya ci wasa 20, sannan ya ci 18 sau uku a jere. A 1978 ya kori mutum 303, a 1979 ya kori 313, kuma a wannan shekarar babu mai jifan da aka fi shan wuyar ci masa maki a rukuninsu. Adadin nan na 313 sai da ya yi shekara 40 ba a karya shi ba a ƙungiyar, sai a 2019 Gerrit Cole ya wuce shi. Wasa 19 ya jefa shi kaɗai tun daga farko har ƙarshe a 1979, ba tare da an canje shi ba, abin da a yau babu mai koyarwar da zai yarda a yi wa hannun ɗan wasansa. Kuma a duk tsawon waɗannan shekaru, ba a taɓa cewa yau ranarsa ce ya ce ba zai iya ba. Ka riƙe wannan.

Ƙarshen 1979 ƙungiyar ta ɗauko Nolan Ryan, Bature ɗan asalin Texas, shi ma gwanin jifa ne na ƙin ƙarawa. Shi ne ɗan besbol na farko da aka ba dala miliyan ɗaya a shekara. J.R. ma yana da kwantiragi mai tsoka, amma ba ta kai ta Ryan ba. Aka shiga 1980, J.R. yana kan ganiyarsa, ya fi kowace shekara kyau. Kafin tsakiyar kakar wasa ya ci wasa 10, kuma shi aka zaɓa ya buɗe jifa a wasan taurari na shekara da aka yi a Los Angeles ranar 8 ga Yuli. Zagaye biyu ya yi cikin zagaye tara da ake yi a wasa, ba a ci masa maki ko ɗaya ba.

Amma tun watan Yuni yake cewa hannunsa ba daidai yake ba. Ya ce hannun yana mutuwa, yatsunsa suna yin sanyi ba ya jin su, kafaɗa da wuya suna masa nauyi. Ya fara neman a cire shi a tsakiyar wasa, abin da bai saba ba. Me kake tsammani aka yi? Jaridu da masu sharhi a rediyo suka taso masa. Wasu suka ce lalaci ne. Wasu suka ce kishin kuɗin Ryan ne yake cinsa. Wasu suka ce tsoro ne, ya ga ƙungiya ta doshi cin kofi ya kasa ɗaukar nauyin. Hujjarsu ita ce, mai ciwo ba ya jifa irin wannan. Wato ƙwazonsa ne ya zama shaida a kansa. Da ya lalace ƙarara da an yarda da shi, amma da yake yana cije haƙori yana aiki, sai aka ce ƙarya yake.

Ranar 14 ga Yuli, a wasa da Atlanta Braves, ya kasa ganin alamar yatsun mai cafewa sosai, hannun kuma ya ƙi. Ya fita a zagaye na huɗu. Bai sani ba, jifansa na ƙarshe ke nan a babban rukuni. Aka kai shi asibiti, gwaji ya nuna jijiyar da ke kai jini hannun dama ta toshe. Duk da haka aka ga ba sai an yi aiki ba, aka ce yana iya ci gaba da motsa jiki sannu-sannu. Ranar 30 ga Yuli 1980 yana atisaye a filin ƙungiyar, Astrodome, sai ya yanke jiki ya faɗi. Gudan jini ya tare hanyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta gefen wuya. Shanyewar ɓarin jiki, yana ɗan shekara 30. A daren aka yi masa aiki na gaggawa aka ceto ransa, amma ɓarin hagu ya riga ya taɓu.

Daga baya likitoci suka gane asalin abin. Jijiyar jini da ke zuwa hannu tana bi ne ta wani matsattsen wuri tsakanin ƙashin gindin wuya da haƙarƙarin farko. Shekara da shekaru na jifa sun sa naman kafaɗarsa ya yi kauri yana matse ta. Shi ya sa yakan fara wasa lafiya lau, sai an yi nisa hannun ya mutu. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, har tsarin yadda yake zuwa masa.

Abokin aikina ya dage cewa da J.R. Bature ne da tun ranar farko an yarda da shi, kuma wasu daga cikin abokan wasansa baƙaƙe sun faɗi haka a fili tun a lokacin. Ni ma na yarda launin fata ya yi aiki a ciki. An daɗe a ƙasar nan ana kallon baƙin mutum mai girman jiki a matsayin wanda ba ya jin ciwo, in ya yi kuka kuma a ce yaudara ce. Sai dai ban tsaya nan ba, don na san mu ma da muke fata ɗaya muna yi wa junanmu. Wanda ke ƙarƙashinka in ya ce ba shi da lafiya, abin da ke fara zuwa ranka shi ne aikin da zai tsaya.

Nan ne na zo kan yaron shagonka. Ka ce kwanan nan guduma tana suɓuce masa, yana cewa hannunsa na dama yana mutuwa, wani lokaci idonsa yana yin hazo, kai kuma kana ganin ƙiwuya ce ta kama shi tun da ya ga abokansa sun sayi babur. Aminina, kai da bakinka ka sha yaba mini yaron nan, ka ce tun da ya zo bai taɓa yi maka fashi ba. Mutum ba ya kwana mai ƙwazo ya tashi malalaci. Ni ba likita ba ne, kuma ban ce ciwon J.R. ne yake damunsa ba, yana iya zama abu mai sauƙi. Amma mutuwar hannu ɗaya tare da hazon ido ba abin da ake jiƙa saiwa a jira ba ne, ba kuma na mai kemis ba ne. Ka kai shi babban asibiti, a auna jininsa, ya faɗa wa likita komai da bakinsa ba tare da kana tsaye kana gyara masa zance ba. In ka ga bakinsa ya karkace, ko magana ta sarƙe masa, ko ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, a wannan sa'ar za ku tafi, ba gobe ba. Kada ka ce ai yaro ne. J.R. ma yaro ne, kuma ya fi mu duka ƙarfi. Kuɗin gwajin ka bar mini, ka dai kira ni ka faɗa mini abin da aka ce.

Bari in ƙarasa maka, don abin bai tsaya a asibiti ba.

A shekarar Astros ta ci rukuninta karo na farko a tarihinta, ba tare da shi ba. Suka kara da Philadelphia Phillies don neman zuwa wasan ƙarshe, aka yi wasa biyar, huɗu daga ciki sai da aka shiga ƙarin lokaci, aka fitar da su da ƙyar. Tsofaffin garin nan har yau suna cewa da J.R. yana nan da labari ya sha bamban. Allah ne masani.

Ya yi ƙoƙarin dawowa. Ya koyi tafiya, ya koyi jifa, ya koma ƙananan rukuni a 1982 yana wasa da yara sa'o'in ƙannensa. Ƙarfin ya ɗan dawo, amma saitin ya tafi, kuma ɓarin hagu ya yi nauyi, ga ido ba ya auna nisa daidai. Wannan haɗari ne babba, don ƙwallon da aka doka takan dawo kan mai jifa da gudun da ya fi wanda ya aika ta. A 1984 ƙungiya ta sallame shi. Lissafinsa gaba ɗaya: ya ci wasa 107, an ci shi 71, ya kori mutum 1,493.

Sai dukiya ta bi hannu. Ya zuba kuɗi a wata harkar man fetur da ta zama damfara, dala wajen dubu 300 suka tafi. Aure ya mutu, kuma ka san rabuwar aure a ƙasar nan da rabon dukiya take zuwa, wannan ya ci fiye da abin da 'yan damfara suka ci. Wani auren ma ya mutu. Gida ya tafi. Ba na cikin masu cewa sakacinsa ne kawai. Mutumin da tun yana ɗan shekara 19 ba a koya masa komai ba sai jifa, aka tashe shi rana ɗaya da rabin jiki da kuɗi a banki, ai masu zaƙin baki sun riga sun san adireshinsa.

A hunturun 1994 zuwa 1995 J.R. Richard a ƙarƙashin gada yake kwana, a nan Houston, inda babbar hanya ta 59 ta haye titin Beechnut. Wurin nan ba baƙo ba ne gare mu, kudu maso yammacin gari ne, ɓangaren da 'yan Nijeriya suka fi yawa, inda muke zuwa sayen garin rogo da manja da busasshen kifi. Sanyin Houston bai kai na arewacin Amurka ba, amma yana zuwa da ruwa da iska, yana shiga ƙashi. Mutum mai tsawon mita biyu, wanda hotonsa ya cika jaridun garin shekara 15 kafin nan, yana kwance a wurin, motoci suna wucewa ta kansa. Da yawa cikin masu motocin sun taɓa biyan kuɗi don su kalle shi. Tazararsa da filin da ya faɗi ba ta fi tafiyar 'yan mintoci a mota ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, a ƙasarmu da wuya wanda ya yi suna haka ya kwana a titi, ko don gudun abin kunya dangi za su ɗauke shi. A nan kuwa kowa ƙofarsa a rufe take, kuma shi kansa kunya ta hana shi buga ƙofar kowa. Amma kada in cika yabon kanmu. Ka san tsofaffin 'yan ƙwallo da 'yan dambe nawa ne a wajenmu da suka ƙare a ɗaki ɗaya ba mai leƙa su, sai ranar jana'iza a zo ana jawabi.

Wani limamin coci, Floyd Lewis, shi ne ya jawo shi jiki. Akwai kuma wata gidauniya da aka kafa a 1986 don taimakon tsofaffin 'yan besbol da suka shiga wani hali, ita ma ta sa hannu da labarin ya fito. A 1995 ya cika shekara 45, ya fara karɓar fanshonsa na 'yan wasa. Ya samu aiki a wani kamfanin kwalta. Wanda dubban mutane suke tashi tsaye in ya fito, ya koma aikin titi, kuma ya yi. Daga baya shi ma ya zama mai wa'azi a cocin, ya riƙa bin marasa gida da abinci da nasiha, yana koya wa yara jifa, yana zagayawa yana ba da labarin kansa ba tare da ɓoye zaman gadar ba. Ya sake aure, wannan karon ya zauna. Addininmu ba ɗaya ba, amma mutumin da ya fito daga ƙarƙashin gada ya koma wurin da ƙafarsa don waɗanda ya bari a can, dole ka girmama shi.

Akwai wata al'ada a wasannin nan: in ɗan wasa ya yi wa ƙungiya abin a zo a gani, sai a jingine lambar rigarsa, ba mai ƙara sa ta. Astros ta yi wa mutane da dama haka. Ta yi wa Nolan Ryan, wanda ya ci mata wasa 106. J.R. ya ci mata 107, bai taɓa sa rigar wata ƙungiya a babban rukuni ba, kuma a filinta ya faɗi sanye da kayanta. Lambarsa 50 ba a jingine ta ba har ya bar duniya. A 2019 dai sun sa shi cikin rukunin farko na gwarzayen ƙungiya da suka karrama, ya zo da kansa aka yi masa tafi. Ni a ganina an biya rabin bashi ne aka riƙe rabi.

Ya rasu ranar 4 ga Agusta 2021 a wani asibiti a nan garin, yana da shekara 71. Iyalinsa sun ce cutar korona ce ta yi sanadi. A lokacin, mai koyar da Astros shi ne Dusty Baker, ɗaya daga cikin waɗanda J.R. ya hana barci suna samari. Shi ne kuma ya ci musu kofi a shekarar da ta biyo baya. Filin Astrodome yana nan tsaye a rufe, ƙungiya ta bar shi tun bayan kakar 1999, an rasa yadda za a yi da shi, ba a rushe ba, ba a gyara ba.

Mu nan lafiya ƙalau, sai zafi da aiki. Uwargida tana gaishe da taka, ta ce yajin da aka aiko ya kusa ƙarewa, in an samu mai tahowa a taimaka, a haɗo da kuka da daddawa, amma a naɗe su da kyau saboda masu binciken kaya. Ka rubuto mini yadda damina ta kasance da farashin buhun masara yanzu, don ina so in san abin da zan aika gida kafin azumi. Ka durƙusa ka gaishe mini da Hajiya, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a. A gaida Malam da mutanen majalisa baki ɗaya.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Houston